Mangwaron Afiniki da Tohon Gindi

An yi wata mace a wani ƙauye da ke bakin rafi, sunanta Afiniki, sana'arta kuwa lambu. Tun tana ƙarama take bin mahaifinta fadama, har hannunta ya saba da ƙasa kamar yadda ya saba da tukunya. Alayyafo, yakuwa, tumatir, albasa, babu wanda ba ta iya renonsa ba. Ta san ranar yafa iri, ta san ranar dashe, ta san takin da ya ruɓe ya huce da ɗanyen da zai ƙone saiwa. Idan iri ya fito cunkus a fangali, sai ta tsuguna ta rage shi, ta cire raunana ta bar masu ƙarfi su sami wurin buɗewa. Wannan hanya ba ta taɓa ba ta kunya ba. Mata sukan zo su tambaye ta, ita kuwa ba ta tambayar kowa.

Mahaifinta ya rasu ya bar wani mangwaro a tsohon gidansu, wanda babu irinsa a duk ƙauyukan bakin rafin. Ba shi da zare, ƙwallonsa siriri, zaƙinsa kuwa har mai ciwon da ya ƙi abinci yakan karɓa. Ya zama kuwa gara ta shiga cikinsa ta rarake shi ba wanda ya lura, iskar farkon damina ta zo ta kwantar da shi ƙasa.

Washegari da safe sai ga Kawu Sila, ƙanen mahaifiyarta, tsoho wanda ya iya auren itatuwa. Ya zagaya itacen da ya faɗi, ya zaɓi 'yan rassa uku masu kaurin fensir, ya yanke, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu.

Afiniki ta ce, "Kawu, kada ka wahalar da kanka. Na ajiye ƙwallayensa, zan binne su fito."

Ya ce, "Za su fito, amma ba shi ba. Babanki ya binne nawa? Duk masu zare suka zama. Irin wannan ba ya bin ƙwallo, reshe yake bi."

A bayan madafar Afiniki akwai wani ɗan mangwaro da ya tsiro da kansa, daga ƙwallon da wani ya sha ya jefar. Nan Kawu Sila ya zauna da wuƙarsa. Ya datse kan ɗan itacen, ya tsaga shi kaɗan. Ya ɗauki reshe ɗaya daga buhu, ya feƙe gindinsa gefe biyu, ya soka shi cikin tsagar har ɓawo ya haɗu da ɓawo, sa'an nan ya naɗe wurin tam da zaren leda. Abin da masu lambu suke kira aure ke nan: saiwa da gindi na wani itace, kai kuwa na wani.

Da ya gama ya nuna mata ɗaurin da bakin wuƙa. Ya ce, "Duk tohon da ya fito sama da nan, na babanki ne, ki bar shi. Duk wanda ya fito ƙasa da nan, na gindi ne. Ki sa farce ki tsinke shi tun yana ɗanye."

Ta yi dariya. "Kawu, yau ni ake koya wa shuka?"

"Ganye kika sani, 'yata. Wannan itace ne."

Sauran rassa biyun ya kai su gidajen wasu 'yan'uwa, amma ba su kama ba, suka bushe. Tsohon itacen kuma aka faskara shi aka yi girki. Sai na Afiniki kaɗai ya rage. Bayan mako uku ya yi toho, 'yan ganye huɗu. Gindin ma ya turo nasa, ta tsinke. Ya sake turowa, ta sake tsinkewa.

Ana nan sai 'yarta Fibi ta haihu a wani gari mai nisa, Afiniki ta tafi yi mata wankan jego. Kafin ta tafi ta bar wa mijinta Barnaba ban ruwa, amma ba ta faɗa masa zancen toho ba, gama ta ɗauka abin bai kai a faɗa ba. Kwana arba'in ta yi niyya, ta yi wata biyu da rabi.

Ranar da ta dawo, tun ba ta sauke kaya ba Barnaba ya ja ta bayan madafa. Ya ce, "Maman Fibi, zo ki ga aikin wanda kike cewa ko barkono bai iya rayawa ba."

Ga wani toho ya tashi miƙe har ƙugunta, kauri kamar babban yatsa, sababbin ganyensa jajaye suna sheƙi. Ta duba gindinsa, ta ga daga ƙasan ɗauri ya fito. Reshen aure kuwa yana gefe, bai fi tafin hannu ba, da 'yan ganyensa.

Ta ɗauko wuƙa ta tsuguna. Amma hannunta ya ƙi. Shekara talatin tana rage shuka, ba ta taɓa cire mai ƙarfi ta bar rarrauna ba. Ta ce a ranta, ai saiwa ɗaya ce, ruwa ɗaya suke sha, taki ɗaya suke ci, wane irin bambanci zai shiga tsakaninsu? Kuma in ƙaramin ya mutu, ai gara a ce akwai wani a tsaye. Bari dai su tashi tare, in ƙaramin ya yi ƙwari sai ta yanke babban. Ta mayar da wuƙa.

Kawu Sila a lokacin ciwon ƙafa ya kama shi, ya koma hayin rafi wurin ɗansa, ba ya fita. Duk wanda zai haye, sai Afiniki ta ce, "Ka gaida Kawu, ka ce masa itace ya kama, yana ta tashi." Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi wanne ne yake tashi ba.

Shekara ta bi shekara. Babban ya wuce katanga, ya wuce rufin madafa, ya baza rassa. Inuwarsa ta yi daɗi har matan zumunta na majami'a suka mai da wurin inda suke koyon waƙa kowace Alhamis. In sun zauna sukan ɗaga kai su ce, "Mangwaron babanki ya dawo, Afiniki. Hannunki akwai albarka." Takan ce, "Mun gode wa Ubangiji." Ba ta taɓa gyara musu ba. In tana shara, takan share gaban itacen da gefensa, ba ta cika leƙa wajen katanga ba, inda ɗan reshen ya lanƙwashe yana neman rana. A shekara ta uku ya yi ɗan fure, furen ya kakkaɓe. Bayan haka bai ƙara ba.

A shekara ta shida babban ya yi fure fal, ya ɗauki 'ya'ya har rassa suna sunkuyawa. Afiniki ta duba yawansu, zuciyarta ta kwanta, ta ce lalle abin da ta yi daidai ne. Da suka nuna a bazara, ta hana kowa taɓawa, ta ce Kawu ne zai fara sha. Aka ɗauko tsohon a kan babur, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ta zaɓi wanda ya fi kyau, ta wanke, ta miƙa masa a kwano. Ya yi addu'ar godiya, ya gatsa.

Ya daɗe yana taunawa. Sa'an nan ya sa yatsa a baki, ya zaro zare, ya sake zaro wani. Ya ce, "Haƙora huɗu suka rage mini, ga shi kowanne ya yi gemu."

Barnaba ya ɗauki ɗaya ya gatsa, fuskarsa ta tattare. Ya ce, "Maman Fibi, in tsamiya ta ƙare a gidan nan ba mu da damuwa."

Ita ma ta ɗauka ta ɗanɗana. Ta ajiye ragowar a kwano.

Kawu Sila ya ce, "Ku kai ni gindinsa."

Suka riƙe shi ya dogara sanda har wajen katanga. Ya tsuguna da ƙyar, ya lalluba, ya sami tabon tsohon ɗauri. Babban kututturen ya fito yatsa uku ƙasa da tabon, kaurinsa kamar cinyar mutum. Sama da tabon kuwa ga ɗan reshen, bai kai muciya kauri ba, ganyensa sun yi rawaya, rabinsa ya bushe. Tsohon ya kankare ɓawon da farce daga sama, busasshe. Ya sauko, busasshe. Ya ƙara saukowa, sai ga kore a ƙarƙashi, da ɗan danshi.

Ya ce, "Da sauran rai."

Afiniki ta ce da sauri, "To, zan ƙara masa taki, Kawu. Ina da wanda ya ruɓe sosai. Ruwa kuma safe da yamma."

"Duk abin da kika zuba a gindin nan, babban ne zai sha. Shekara shida shi kike ciyarwa."

"In rage rassan babban, rana ta shigo?"

"Kafin kaka ya mayar da su ninki."

"To, ka yanki ƙaramin ka aura wa wani gindi, kamar dā."

"Reshen da yunwa ta cinye ba ya kamawa. Abin da ya rage masa kuma, in na yanka, na ƙarasa shi." Ya ɗora hannu a kan babban kututturen. "Wannan ne zai tafi. Daga nan, daidai inda ya fito."

Barnaba ya yi gyaran murya. Ya ce, "Kawu, a yi haƙuri, a duba. Inuwar gidan nan ke nan. Mata suna zama, kaji suna hutawa, ni ma nan nake jin rediyo. Tsami kuma ai yara ba sa ƙi. A sare wannan duka saboda ɗan tsinken nan? In an sare kuma ya mutu, mun rasa biyu."

Tsohon ya ce, "Gaskiyarka, Baban Fibi, yana iya mutuwa. In ba a sare ba kuwa, babu zancen yana iya. Ba zai ga wata bazara ba. Kuma bayan shi babu wani a ko'ina."

Afiniki ta dubi itacen daga gindi har sama. Ta ce, "Kawu, ai da ka aiko ka tuna mini."

Ya dube ta, ba da fushi ba. "Kin manta ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban manta ba."

Aka bari sai ruwan farko ya sauka, gama Kawu ya ce kada a yi wa itace babban rauni cikin tsananin zafi. A tsakanin nan Alhamis ta zo, matan zumunta suka taru. Shugabarsu ta ce, "Mun ji wai za a sare mangwaron babanki. Wane ne ya ba da wannan shawara?"

Afiniki tana iya cewa tsoho ne ya matsa, ko ta ce Barnaba ne ya cika ruwa sa'ad da ba ta nan. Amma ta ce, "Mama, ba mangwaron Baba ba ne. Tohon gindi ne. Na san haka tun yana tsawon ƙuguna, na bar shi don ya fi kyan gani, kuna yabo kuma ina jin daɗi." Wata ta ce, "To, mu da muka yi shekaru muna yabon tsami fa?" Suka yi dariya, ita ma ta yi, ko da yake idonta ya kawo ruwa.

Da ruwa ya sauka, Barnaba ya hau da adda yana gunaguni, ya sassare rassa ɗaya ɗaya, yana saukar da su da igiya don kada su faɗa wa ƙaramin. Da ya rage kututture, ya miƙa hannu zai ɗauki zarto, Afiniki ta ce, "Bari, Baban Fibi. Wannan nawa ne." Tun hantsi take ja har rana ta take tsaka, tafin hannunta ya yi bororo. Abin da farce zai tsinke dā, ko wuƙa ta ɗauke da shafa ɗaya, shi ya ci mata rabin yini. Ta yi yankan a karkace yadda Kawu ya ce, don kada ruwa ya kwanta a kai ya ruɓar da shi. Ta kwaɓa laka da kashin shanu da toka ta shafe raunin. Ta kafa wa ɗan reshen guntun zana ta wajen yamma, gama ya daɗe a duhu, rana za ta ƙone shi.

Tsakar gida ta yi fayau. Matan zumunta suka koma rumfar majami'a.

Bayan mako biyu ta leƙa, ta ga toho. Amma ba a reshen ba. Kututturen ne ya turo su kewaye da raunin, goma sha ɗaya, jajaye, masu ƙiba, kowanne ya fi ɗan reshen kyau. Ta tsuguna ta sa farce, ta tsinke su duka. Mako ya zagayo suka sake fitowa, ta sake tsinkewa. Haka ta yi ta yi, reshen kuwa shiru, har Barnaba ya daina tsokana, ya fara tausaya mata. Sai a tsakiyar damina, wata safiya, ta ga idanun reshen sun kumbura. Kwana uku suka fashe da ganye.

Shekara biyu bayan haka ya yi 'ya'ya tara. Ta yanka ɗaya, wuƙa ta wuce sumul, babu zare ko ɗaya. A daminar da ta biyo aka sake ɗauko Kawu Sila. Hannunsa yanzu rawa yake yi, ba ya iya riƙe wuƙa. Ya zauna a kujera yana faɗa, ita tana tsagawa tana feƙewa tana ɗaurewa, har ta aura rassa biyar a gidaje biyar. Huɗu suka kama. Kowane gida kuma sai da ta tsaya ta nuna wa mai shi da matarsa ɗaurin, ta faɗa musu zancen toho, ta sa suka maimaita.

Yanzu ga ma'anar misalin nan, ku kasa kunne, manya da yara.

Gindin nan da ya tsiro da kansa a bayan madafa, mu ne, da halin da aka haife mu da shi. Reshen aure kuwa sabon rai ne wanda Ubangiji Yesu yake ba wanda ya gaskata da shi. Ba daga cikinmu yake tsirowa ba, kawo shi ake yi a ɗaura mana. Ba ya bin ƙwallo. Ko mahaifinka dattijon ikilisiya ne, ko mahaifiyarki ce take ba da waƙa, sai an ɗaura maka naka, an ɗaura miki naki.

Amma ranar da aka ɗaura, gindi bai mutu ba. Yana nan yana turo nasa: saurin fushi, riƙon mutum a zuciya, kai maganar wannan gidan zuwa wancan, son a yabe mu, 'yar ƙaryar da ba ƙarya ce sosai ba. Kuma ku lura, tohon gindi ya fi saurin tashi, ya fi kyan gani. Haƙuri yakan yi shekara bai ƙara ganye huɗu ba, zafin baki kuwa wata biyu ya kai ƙugu. Mutane ma sukan yaba shi. Sai ka ji ana cewa, "Wance ba ta ɗaukar raini," ko "Wane ya san yadda ake zama da duniya." Afiniki ba jahila ba ce, gwana ce. Gwanintarta ce ta ɓad da ita, gama ta auna itace da ma'aunin alayyafo. Haka mu ma, in muka auna ranmu da ma'aunin kasuwa, kullum mai ƙarfi za mu bari. Ubangiji ba ya tambaya wanne ya fi tsawo. Yana duba daga ina ya fito.

Kada kuma wani ya ce, ai ina zuwa sujada, ina waƙa, ina addu'a. Ruwa ne da taki, suna da kyau, kada a fasa. Amma wanda ka bari a tsaye shi zai sha. Mutum yana iya yin shekara ashirin a benci na gaba, girman kansa ne yake ta ƙiba. Ba a majami'a ake gane irin itacen ba, can duk ganye ne da inuwa. Ana ganewa sa'ad da aka gatsa: ranar da yaro ya zubar da miya, ranar da maigida ya faɗi magana ba daidai ba, ranar da maƙwabciya ta sami abin da muka daɗe muna roƙo.

Abu biyu nake so ku tafi da su gida. Na fari, ku yara da ku sababbin tuba, naku aikin farce ne. Yau ka faɗi gaskiya, yau ki nemi gafara, tun abin yana ɗanye. Kada ku ce bari su tashi tare. Ba sa tashi tare, ɗaya ne yake cin ɗaya.

Na biyu naku ne, ku da kuka ji labarin nan zuciyarku ta yi nauyi, domin naku ya riga ya wuce katanga. Kada ku fid da zuciya. Mai lambun ya san inda ya ɗaura, ya kuma san yadda ake neman kore a ƙarƙashin busasshen ɓawo. Muddin kun ji nauyin nan, da sauran rai. Sai dai zarto zai shiga, inuwar da kuka saba da ita za ta tafi, za ku faɗi gaskiya a gaban waɗanda suka daɗe suna yabonku, kuma bayan yankan ma gindi zai turo toho goma sha ɗaya. Ku tsinke, ku sake tsinkewa. Ba ku ne za ku sa reshen ya yi toho ba, wannan aikin Ubangiji ne, shi kuwa ba ya fasa nasa.

Ba sai wani ya zo ya gaya muku wanne ne tohonku ba. Tun ina cikin ba da labarin kowa ya riga ya kira sunan nasa a zuciya. Shi ne wannan. Ku fara da shi kafin wata Lahadi. Amin.